AC yana gurnani ya yi "ƙas" ya yi shiru: kwamfureso ne ya mutu ko kuɗina ake so a ci?

Abban_Walid: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar sanyi ku ba ni shawara. AC ɗin ɗakina ne, mai doki ɗaya da rabi, ba inbata ba ne (irin na zamani mai rage shan wuta), shekararsa biyar a wurina. Tun ranar Talata na cikin yana hura iska amma babu sanyi, kamar fanka kawai. Na fita na tsaya a gaban na wajen. Fankarsa tana juyawa, sai ka ji gurnani na kamar daƙiƙa biyar, ƙwan ɗaki ya dushe, sai "ƙas", shiru. Bayan minti biyu ko uku ya sake. Na kira mai gyara, ko jakarsa bai buɗe ba, ya ɗora hannu a kai ya ce kwamfureso, wato injin da ke matsa gas a cikin na wajen, ya ƙone, a kawo kuɗin na Beljiyam da gas da walda. Abin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin sabo. Ga zafin Kano na watan Afrilu, yara ba sa barci. In biya ne, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

OgaSanyi_Fagge: Wa alaikumus salam. Kada ka ba kowa ko sisi tukuna. Na daɗe a wannan sana'ar, kuma irin wannan kukan da ka kwatanta, yawanci kafasito nake tararwa, wato ɗan gwangwanin da ke taimaka wa kwamfureso ya tashi, ko rashin ƙarfin wuta. Gurnanin nan yana nufin wuta tana shiga koyil ɗin kwamfureson, yana yunƙurin tashi ya kasa. "Ƙas" ɗin kuma obalod ne, ɗan ƙarfen da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, in ya huce ya sake haɗawa. Wanda ya ƙone ƙurmus ba ya yi maka wannan waƙar. Ko dai ya yi tsit, ko ya dinga kayar da bireka da zarar an kunna. Je ka kashe shi daga bango yanzu, don duk gurnanin da ya yi, dafa koyil ɗin yake yi.

MamanIlham: Wallahi irin abin da aka yi mana bara kenan. Har an kwance na wajen za a tafi da shi shago, sai ƙanin maigidana ya shigo ya ce a dakata. Kwandansa kawai ya canza, wata 'yar aba kamar gwangwanin maltina, kanta ya kumbura. Har yau yana aiki.

Bakatsine77: Hajiya kwandansa ai ita ce ragar nan ta waje da fanka ke hurawa. Ya za a yi ta zama kamar gwangwani?

OgaSanyi_Fagge: @Bakatsine77 ku duka kuna da gaskiya. Masu gyaran fanka kwandansa suke ce wa kafasito, mu kuma a harkar sanyi ragar waje muke kira haka. Abin da Hajiya take nufi kafasito ne. Ka je kasuwa ka ce a ba ka kwandansar AC, sai mai shago ya tambaye ka wacce.

Injiniya_Samaru: Malam Abban Walid, hannu ba mita ba ne. Kuma ga wani abu da mutane ba su sani ba: kwamfureson da ke cikin irin waɗannan AC na bango, mai dogon jiki kamar tulu, gas mai zafi ne ke cike da gangar jikinsa. Ko lafiyarsa ƙalau ba za ka iya barin tafin hannunka a kai ba. Don haka "na taɓa na ji zafi" ba hujja ba ce.

Ka samu wanda yake da mita ya yi wannan a gabanka. A kashe bireka, a sauke cajin kafasiton tukuna domin yana riƙe wuta ko an kashe. A buɗe 'yar hular da ke kan kwamfureson, za ka ga ƙafafu uku: C da R da S. A zare wayoyin, amma a ɗauki hoto kafin a zare. A sa mita a awon juriyar koyil (om), a auna C da R, galibi shi ne mafi ƙanƙanta. A auna C da S, ya ɗan fi. A auna R da S, dole ya zama jimillar biyun. Misali ka ga 2, ka ga 3, to na ukun ya ba ka 5 ko kusa. In lissafin ya tashi, koyil bai tsinke ba. Sannan a kankare ɗan wuri a jikin bututun jan ƙarfe, a auna tsakanin kowace ƙafa da jikin. Nan bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta nuna, koyil ya taɓa jiki, wannan kam sai dai a yi masa addu'a.

Inda ake yawan yanke wa mai rai likkafani shi ne nan: wasu obalod ɗinsu a ciki yake. In ya yi zafi ya buɗe, C da R ba za su karanta ba, C da S ba za su karanta ba, amma R da S za su karanta. Yaro ya gani ya ce ya ƙone. Alhali jira kawai ake bukata ya huce, wani lokaci sai ya ɗauki awanni. Mu mukan zuba masa ruwa a jiki a hankali, ban da wajen wayoyin, mu sake aunawa.

Dan_Gidan_Liman: Injiniya ka yi bayani amma ka yi mana tsayi. Mu dai a gaya mana nawa ne kafasiton.

Injiniya_Samaru: @Dan_Gidan_Liman kuɗinsa bai kai na gas ɗin da za a zuba ba ma, balle kwamfureso. Amma a duba lambar da ke jikin tsohon a sayi irinta. Na doki ɗaya da rabi yawanci tsakanin 35 zuwa 45 µF ne. A jikinsa an rubuta ±5%, wato in mita ta nuna ya sauka ƙasa da haka sosai ya gaji, ko bai kumbura ba.

Sakkwatawa_Ne_Mu: Ni dai abin da nig gani, ku bar batun kafasito ku dubi wuta. Nan unguwarmu da magariba ta yi, kowa ya kunna kayanai, wuta takan sauka har volt 170. Nawa haka yay yi ta gurnani, munka canza kafasito har biyu, ashe ba laifinai ba ne. Da tsakar dare in mutane sunka kwanta, garau shika tashi. Ka gwada shi ƙarfe biyu na dare ka gani.

Abban_Walid: Na gode ƙwarai. Na kashe shi. Akwai sitabilaiza mai 5000 a kai, tana nuna 220 a fuskarta. Shi ya sa ban kawo batun wuta a raina ba.

OgaSanyi_Fagge: Kada ka yarda da fuskar sitabilaiza. Akwai waɗanda ko me ya shigo 220 za su nuna maka, kamar an zana da biro. Awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi a bakin na wajen, a daidai lokacin da kwamfureson yake yunƙurin tashi. Ka duba 'yar takardar da ke manne a jikinsa, za ka ga RLA da LRA. Na farkon shi ne wutar da yake ja in yana tafiya daidai, irin naka bai wuce am 5 zuwa 6 ba. Na biyun shi ne abin da yake fizga in ya tsaya cik, ya ninka na farkon sau huɗu ko biyar. A wannan fizgar ce siririyar waya da soket mai sako-sako suke tona asirin kansu.

Hajjo_Yola: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri na shigo muku. Firijina ne yake yin wannan "ƙas" ɗin duk bayan 'yan mintuna, fitilar ciki tana kamawa amma ƙanƙara ta narke. Shi ma kafasito ne?

Mai_Firiji_Kawo: @Hajjo_Yola a firiji yawanci rile ne, ɗan baƙin abu da ke maƙale a gefen kwamfureson. A cire soket, a zare shi a girgiza kusa da kunne. In kin ji yana kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, farantin cikinsa ya farfashe. Abu ne mai araha. Kuma in gas ɗinki R600a ne, kada ki bar kowa ya kunna wutar walda a kai cikin kicin, yana kamawa da wuta kamar gas ɗin girki.

Hajjo_Yola: Allah ya saka da alheri. Zan sa yaron nan ya duba.

DanMaradi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar kilim muke ce ma AC. Lokacin da aka yanke kuran, wato wutar lantarki, daga Najeriya cikin watan Agustan 2023, kowa ya koma ga gurup, wato janareto, kuma kilim da yawa sun lalace a lokacin. Abin da na lura: kuran ya ɗauke, yaro ya ruga ya tada gurup, a juya nan take, kilim bai huta ko minti guda ba. Gas bai daidaita ba tsakanin ɓangaren matsi da na tsotso, sai kwamfureso ya tashi da kaya bisa kai, ya kasa. A ba shi minti ukku aƙalla. Masu rimot suna jira da kansu, amma tsofaffin na taga ba ruwansu, kana murɗawa suna fizga. Kuma ƙaramin gurup ba ya ɗaukar fizgar farko, za ka ji ya durƙusa kamar jakin da aka yi wa lodi.

Abban_Walid: Ga inda aka kwana. Na samo wani yaro mai mita ta hannun maƙwabcina. C da R 2.1, C da S 3.3, R da S 5.4. Da jiki babu komai. Kafasiton an rubuta 40, mita ta nuna 11, kuma kansa ya ɗan tasa. Mun sa sabo, yana kunnawa ya tashi. Yanzu haka ina zaune cikin sanyi nake wannan rubutun. Oga Sanyi, Injiniya, Allah ya biya ku. Wancan na farkon kuwa ya kira ni sau uku ban ɗauka ba.

MamanIlham: Alhamdu lillahi! Ban faɗa ba?

Gaskiya_Daci: Duk masu gyaran nan haka suke. Su ɗauke naka mai kyau su sayar wa wani a matsayin na Beljiyam, su sa maka na wani. Kasuwa ce kawai.

Mai_Firiji_Kawo: @Gaskiya_Daci a'a malam, kada ka yi mana kuɗin goro. Akwai macuta, ban musa ba. Amma da yawa ba cuta ba ce, rashin sani ne da rashin kayan aiki. Yaro ya yi wata takwas a shago, ogansa bai taɓa barinsa ya riƙe mita ba, sai ɗaukar tsani da wanke raga, gobe ya buɗe nasa. Kuma ku ma masu gida kuna da naku. Mutum ya zo ya yi awa guda yana awo ya gano waya ce ta ƙone, ya ce a ba shi kuɗin aiki, sai a ce "me ka yi? ai waya kawai ka ɗaura." To shi ya sa wasu suke ƙirƙiro babban aiki.

Gaskiya_Daci: Wato laifinmu ne kenan da ake cutarmu?

Mai_Firiji_Kawo: Ban ce haka ba. Sake karantawa.

Injiniya_Samaru: Abban Walid, ina taya ka murna, amma ban saki jiki ba tukuna. Me ya kashe kafasiton? Zafi ne babban mai cinye shi. Ka sa yaron ya maƙala kilam mita, wadda ake maƙalawa a jikin waya, da rana tsaka ya ga wuta nawa yake ja.

Baba_Tsoho_Gwale: Mu da muka yi zamani da iyakwandishan na taga, sai ya shekara ashirin ba a buɗe shi ba. Na yanzu kwali ne.

Ummu_Hanan_Abuja: Baba ai na da ɗin shan wuta ne da shi kamar me. Tun da aka kai yunit naira 225 ga 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024 muka koma inbata, kuma mun ga bambanci a mita. Ni shawarata duk wanda nasa ya fara ciwo ya haƙura ya canza.

OgaSanyi_Fagge: Hajiya inbata yana da daɗin wuta, kuma ba ya fizgar nan ta farko, a hankali yake tashi, shi ya sa masu sola suke sonsa. Amma ranar da ya kwanta za ki san kin sayi inbata. Shi ba shi da irin kafasiton da muke magana, kuma ƙafafunsa uku U da V da W ne, duk awonsu ɗaya ne, ba a yi musu lissafin jimilla. Na ga wanda ya auna ya ga duk sun zo daidai ya ce wai koyil ya haɗe, alhali haka aka yi shi. Yawancin abin da ke tsayar da shi fanel ne, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi. Watan jiya na buɗe wani a Hotoro na tarar da tsaka ta shiga bayan fanel ta soye a kai, an riga an gaya wa mai gidan kwamfureso ne. Kuma manyan kafasiton da ke kan fanel ɗin suna riƙe wuta sama da volt 300 bayan an kashe, yara su kiyaye hannunsu.

Abban_Walid: Jama'a na dawo, murna ta koma ciki. Kwana biyu ya yi lafiya. Yau wajen ƙarfe uku na rana ya yi kamar minti ashirin, sai sanyi ya ɗauke, fankar waje tana ta juyawa ita kaɗai. Bayan kusan rabin awa ya dawo da kansa. Wannan karon ba gurnani, yana tashi, tsayawa ce yake yi a hanya. Yaron ya auna: takarda ta ce 5.6, shi kuma yana farawa da 6 yana hawa har 8 da ɗoriya kafin ya yanke.

Gaskiya_Daci: To ga shi nan. Ashe na farkon ya fi ku gaskiya.

Injiniya_Samaru: @Gaskiya_Daci wanda ya ƙone ba ya sanyaya ɗaki kwana biyu. Abban Walid, ina aka kafa na wajen? Yaushe rabon a wanke ragar?

Abban_Walid: Bangon yamma ne, cikin kejin ƙarfe saboda ɓarayi, kuma na sa an rufa masa kwano a sama da gefe ɗaya don rana. Wanki kuwa gaskiya tun kafin hunturu. Na leƙa da tocila, bayan ragar kamar an shafa taɓo.

Injiniya_Samaru: To ka haɗa masa uku. Ƙurar hunturu ta toshe raga, ranar yamma tana dukansa, kwanon da ka sa don tausayi yana dawo masa da iskar da ya fitar. In raga ba ta fitar da zafi, matsin gas yana hawa, kwamfureso ya ƙara ja, obalod ya yanke. Kuma ka duba takardar ko an rubuta T1 ko T3. T1 an yi shi ne don inda zafi bai wuce digiri 43 ba, T3 har 52. A cikin kejin nan da rana tsaka na tabbata ya wuce abin da ake faɗa a rediyo. Cire kwanon gefen, a kashe wuta a wanke ragar daga ciki zuwa waje, ba da matsin da zai kwantar da ita ba. A duba ɗan ƙaramin kafasiton fanka ma, in fanka ta rage gudu duk abu ɗaya ne.

OgaSanyi_Fagge: Na yarda da wanki, amma ni hankalina ya fi tafiya kan gas. Abban Walid, an taɓa yi maka ƙari?

Abban_Walid: An yi bara, da ya rage sanyi. Gas ɗin R22 ne. Ban ga ya sa geji, agogon auna matsin gas, ba, da hannu ya dinga taɓa bututu har ya ce ya isa.

OgaSanyi_Fagge: Ka ji ko. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa sai in akwai yoyo. Wanda ya ƙara bai nemi yoyon ba, kuma bai san nawa ya zuba ba. In ya yi yawa, ja zai hau kamar yadda kake gani. In iska ta bi tiyo ta shiga, haka. In kuma ya yi kaɗan, kwamfureso zai yi zafi don gas ɗin da ke dawowa ne yake sanyaya shi, amma a nan ja sauka yake yi ba hawa ba, shi ya sa ban zargi ƙaranci ba. A sa geji: R22 yana aiki ya kamata ka ga wajen 60 zuwa 70 psi a ɓangaren tsotso. R410A kusan ninki ne, kada a haɗa lissafinsu, kada kuma a haɗa su a tukunya ɗaya, ko mansu ba iri ɗaya ba ne. Sannan R22 ɗin kansa ana janye shi daga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe irin namu an ba mu zuwa 2030. Shi ya sa yake tsada, jabu kuma ya yi yawa. Na sha buɗe silinda in ji warin da ban yarda da shi ba.

Tun da an zo nan, yara masu koyo ku ji: in za a gwada yoyo, naitirojin ake sawa. Kada wanda ya ga silindar oksijin ta walda a kusa ya ce bari ya yi dabara. Oksijin da man kwamfureso in suka haɗu a matse, fashewa suke yi.

Bahaushe_A_Ohio: Ina biye da ku daga nesa. Mu nan Amurka akwai na'urar da take sanyaya gida da bazara ta kuma ɗumama shi da sanyi, akwai wani bawul mai baki huɗu da ke juya hanyar gas. Shekaran jiya da sanyi tawa ta daina ɗumi, wanda ya fara zuwa ya ce kwamfureso ya daina matsawa. Na biyun ya taɓa bututan bawul ɗin ya ce shi ne ya maƙale a tsakiya, gas mai zafi yana komawa ta baya. A geji alamarsu kusan ɗaya ce. Don haka saurin yanke wa kwamfureso hukunci ba a gida kaɗai ake yi ba, sai dai nan kuɗin zuwan mutum ya duba kawai ya isa ya sa ka zufa cikin dusar ƙanƙara.

Sakkwatawa_Ne_Mu: Ni har yanzu ina nan kan bakata. Ƙarfe ukku na rana ai lokacin da kowa ya kunna nashi ne. In wuta ta sauka, ja hawa shikai. Kun auna ja, ba ku auna wutar ba. Kuma wace irin waya aka ja mai? In 1.5 ce, ko irin mai farin ƙarfe a ciki da aka shafa ma jan ƙarfe, ita ce ɓarauniyar.

Mai_Firiji_Kawo: Kowa ya kawo nasa, bari in faɗi wanda ba a so. Kwana huɗu yana gurnani kafin a kashe shi. Mai yiwuwa ya ji jiki, ko fentin koyil ya fara sakin jiki, ko cikinsa ya fara cijewa in ya ɗumama. Ƙaramar mita ba ta ganin wannan, sai mega, mitar da ke gwada fentin koyil da volt 500. In an wanke, an daidaita gas, wuta ta cika, kuma yana nan yana hawa 8, to a fara tara kuɗi. Kuma in ta kai ga canji, a zuba man tsohon a farin faranti a gani. In baƙi ne mai wari, sai an wanke bututu gaba ɗaya an yi bakim na gaske, wato an zuƙe iska da danshi daga ciki, in ba haka ba sabon ma bin sahu zai yi. Na Beljiyam kuwa sa'a ce, ka sa a tayar da shi a gabanka a auna kafin ka biya.

Abban_Walid: Mun cire kwanon, mun wanke raga, ruwan da ya fito kamar kunun kanwa. Wayar 2.5 ce amma kan filogin ya yi baƙi, ƙafa ɗaya har ta narkar da roba, mun canza. Mai geji ya ce sai gobe da safe. Na so in gwada shi yanzu da ranar nan in ga ko zai wuce minti ashirin ɗin, muna gama ɗaure murfi aka ɗauke wuta.

MamanIlham: Ikon Allah. To a shimfiɗa wa yara tabarma a tsakar gida kafin a kawo.

Sakkwatawa_Ne_Mu: In an kawo, ka fara auna wutar kafin ka taɓa rimot.